Shafi Uku Daga Gari Mai Gada Bakwai

Takardu uku Baba ya ajiye a kan teburin falo, ya danne su da gidan gilashinsa, sannan ya ce a kira masa Auta.

Ni na kira ta. Ɗinkin Mama na kawo daga shagona, ban san wuta zan tarar a gidan ba. Auta ta fito da jan biro a hannu, tana tsakiyar duba aikin ɗalibanta. Ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Karanta," in ji Baba.

Layi biyu ta karanta ta tsaya. Na leƙa ta bayan kafaɗarta. Na san rubutun nan, duk wanda ke dandalinmu na intanet ya san shi. Wurin da Mai Kwale-kwale yake roƙon Mai Fitila ta aure shi ne.

"Wannan ba rubutun yaron da kika ce in ba shi izini ya turo manyansa ba ne?"

"Nasa ne, Baba. Amma..."

"Amma me? Ya zo nan ya sunkuyar min da kai kamar mutumin kirki, can kuma yana gaya wa wata in ba ta kunna fitila ba shi ba ya ganin hanyar gida?"

"Baba, labari ne. Kowa da mutumin da ya ƙirƙira, muna rubutawa tare. Ba da gaske ba ne."

"Injiniya ya ce haka za ki ce."

Injiniya ɗan aminin Baba ne. Shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidanmu, Auta tana ba shi haƙuri cikin mutunci, shi kuma ya toshe kunne. Ashe wannan karon da takardu ya zo.

Baba ya ci gaba, "In wasa ne, abin ya zo da sauƙi. Ni ban san intanet ba, amma na san mutane. Namiji ba ya rubuta wa mace irin wannan haka kawai. Wace ce ita? Ki faɗi sunanta da gidansu, mamarku ta je ta gan ta, ta ji daga bakinta cewa babu komai a tsakaninsu. An ce ke kaɗai kika san kowa a wurin."

"Na san ta, Baba. Amma ba zan iya faɗa ba."

Mama ta dafe ƙirji. Tun da aka haife mu ban taɓa jin wani a cikinmu ya ce wa Baba ba zai iya ba.

Baba ya kalle ta. Da ya buɗe baki, muryarsa a ƙasa take, kuma wannan ta fi tsawarsa ban tsoro.

"Ranar Asabar bayan la'asar ki kira min shi, ni ma zan kira Injiniya. Ba zan tilasta miki kowa ba, ke ba yarinya ba ce. Amma in babu suna, kada yaron nan ya sake tako min ƙofar gida."

*

Bari in faɗi abin da ƙanwar nan tawa ta gina, don duk wanda bai sani ba zai ɗauka taurin kai ne kawai.

Shekara huɗu da suka wuce ta zana taswira a bayan wani tsohon kalanda. Malamar labarin ƙasa ce, dama zanen taswira ba ya mata wuya. Gari ne a tsakiyar ruwa, da kasuwa, da kotu, da hasumiyar fitila, da gada bakwai. Ta buɗe dandali a intanet ta sa masa suna Gari Mai Gada Bakwai. Duk wanda ya shigo zai ƙirƙiri mutum ɗaya, ya ba shi sana'a da hali, ya riƙa rubuta abin da yake yi. Kai ka rubuta naka, wani ya ba ka amsa da nasa, a haka labari ke tafiya.

Mu huɗu muka fara, ni ma don kada ta ji kunya na shiga. Mai sayar da kifi na zaɓa, masifaffiya, wai an ce ban sha wuyar koyon halinta ba. Yau mun haura mutum ɗari uku.

Kafin ka shiga sai ka karanta dokoki huɗu, ka danna "Na yarda". Ta farko, kada ka sa wa mutumin wani magana a baki. Kana iya kai masa duka da sanda, amma ko ta same shi ko ya goce, mai shi ne zai rubuta. Ta biyu, faɗan labari ya tsaya a labari. In da gaske ranka ya ɓaci akwai ɗaki daban, Bayan Labule, ka je can ka amayar. Ta uku, ba a tambayar wane ne a bayan suna. Ta huɗu, abin da aka rubuta a gari ba ya fita waje, kuma wanda bai yi rajista ba ba ya karantawa.

Amma ba dokoki suka riƙe mutane ba. Auta ta lura yawancin dandali irin namu abu ɗaya ke kashe su: baƙo ya shigo da ɗokinsa, ya rubuta wani abu, kwana uku babu wanda ya tanka masa, sai ya sulale. Shi ya sa duk gadojin nan bakwai babu wadda ta taɓa gaɓar waje. Da gangan ta yi. Baƙo sai ya tsaya a bakin ruwa, Mai Kwale-kwale ya zo ya tsallakar da shi. A cikin jirgin zai ja shi da hira, ya gane irin labarin da yake so, ya sauke shi a ƙofar waɗanda za su dace da shi. Ba a barin baƙo ya wuni a bakin ruwa.

Dogo, yaron da Baba ke magana a kansa, shi ne Mai Kwale-kwale. A kantin magani yake aiki, kuma wallahi bai taɓa shiga jirgin ruwa ba a rayuwarsa. Da bakinsa ya gaya mana ko shi wane ne, lokacin da Auta ta nemi masu taimaka mata. Daga nan aka soma gaisuwa, gaisuwa ta zama abin da ta zama.

Ita kuwa maganar Mai Fitila, Auta ce ma ta kawo shawarar. Duk lokacin da gari ya yi sanyi takan jefo wani abu, ko ambaliya, ko gobara a kasuwa, ko ɓarawo. Bara ta ce an gaji da bala'i, a samo wa garin soyayya. Wata takwas ana jan labarin nan, mutane kamar su yi hauka.

Watan da ya wuce wani baƙo ya iso bakin ruwa, ya kira kansa Sarkin Yaƙi. Rubutunsa na farko wai ya zo da jirage ɗari, duk mutanen gari sun zube sun gaishe shi, har da mai kifi. Ni! Na riga na rubuta amsar da za ta sa ya bar intanet gaba ɗaya, Dogo ya roƙe ni in goge. Ya ja mutumin Bayan Labule ya yi masa bayani cikin ladabi, ya sake ɗauko shi a jirgi, ya yi kwana biyu yana lallaɓa shi har ya samo masa aikin gyaran gada ta biyar. Sai daga baya na ji daga bakin Injiniya cewa shi ne.

*

A ɗakinta na same ta, ta kifa kai a kan takardun ɗalibai, hawaye sun jiƙa na sama har jan biron ya baje.

"Ke, tashi. Suna ne fa kawai. Ki raɗa wa Mama a kunne, ta je ta dawo, shi ke nan."

"Yaya, ba zan iya ba."

"Don Allah rabu da ni da ba zan iya ba! Wasa ne fa, Auta. Gari ne na bayan kalanda. Za ki bar mutumin da kike so saboda garin da babu shi?"

Ta ɗago, idanunta sun yi ja.

"Garin ne babu shi, Yaya. Ita matar akwai ta. Ranar da ta yi rajista ta rubuto min ita kaɗai, ta gaya min halin da take ciki. Ta ce in aka san tana rubutu a nan za a raba ta da shi, kuma nan ne kaɗai inda take samun numfashi. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, daga bakina babu mai ji."

"Ko ni?"

"Ko ke."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ni da na goya ta.

"To ki ce wa Baba ba ki sani ba mana. Ki ce bayanan sun goge."

"In yi wa Baba ƙarya?"

"To ki ƙirƙiro wata. Ga ni. Ki ce ni ce Mai Fitila."

Duk da kukan sai da ta yi dariya. "Ke? Yaya, Mai Fitila ba ta taɓa zagin kowa ba. Mama ma ba za ta yarda ba."

Na kai mata duka da matashi, ta riƙe shi ta rungume, kukan ya dawo sabo.

"Ina son shi, Yaya. Wallahi ina son shi. Ban taɓa faɗa da ƙarfi haka ba, yau na faɗa. In na tuna ba zai sake zuwa ya tsaya a ƙofar can yana gyara wuyan riga ba, ji nake kamar ƙirjina zai tsage. Amma mutum ɗari uku sun ba ni sirrinsu saboda na ce ba zan bayar ba. In na buɗe na mutum ɗaya ranar da ya dace da ni, me ya rage?"

Na zauna kusa da ita na riƙe ta. Can dabara ta faɗo min.

"To ki rubuta wa matar. Ki gaya mata abin da ake ciki. In ta fito da kanta ai ba ke kika tona ba."

Na ga alamar maganar ta shige ta. Ta ɗauki waya ta rubuta saƙon, ta karanta min, amma ta ce ba za ta tura ba sai Dogo ya gani, tunda shi ma abin ya shafe shi.

*

Washegari da hantsi na raka ta kantin maganin. Dogo yana bayan kanta cikin farar rigarsa, yana yi wa wata tsohuwa zane a jikin kwalin magani, layi ɗaya na safe, biyu na yamma. Da ya gan mu ya yi murmushi, da ya ga idon Auta murmushin ya ɗauke.

Ta ba shi labari. Bai katse ta ba. Da ta zo kan Injiniya na zuba masa ido in ga ko zai zabura, sai kawai ya runtse ido ya buɗe.

Ta miƙa masa wayar. Ya karanta saƙon sau biyu, ya mayar mata.

"Kada ki tura."

"Kai!" Ni na yi maganar. "Ka san me kake cewa kuwa? Asabar jibi ce."

"Na sani, Yaya. Amma ki duba. In aka ce mata auren Auta yana hannunta, an bar mata zaɓi? Wata takwas ina rubutu da baiwar Allahn nan. Ban san fuskarta ba, amma na san zuciyarta. Fitowa za ta yi, ko da zai cutar da ita. Mu samu abin da muke so, ita ta kwashi wahalar."

Auta ta toshe bakinta da mayafi. "To ya zan yi? Ka gaya min ya zan yi. Baba ya ce kada ka sake zuwa."

"Zan zo ranar Asabar, ai shi ya kira ni. Zan gaya masa gaskiya. Laifina ne ma. Da na je tun farko na zauna na yi masa bayanin abin da muke yi, da takardun nan ba su zo masa a baƙi ba."

"In bai yarda ba fa?"

Wani mutum ya shigo neman maganin tari, Dogo ya sallame shi. Da mutumin ya fita ya dawo gabanta.

"In bai yarda ba zan jira. Shekara ce, biyu ce, zan jira. In ya ce in daina rubutu a garin, zan daina yau. Duk abin da yake nawa ne zan bayar. Wannan kuwa ba nawa ba ne, ba naki ba ne."

"Ba ka ma son sanin wace ce?"

"Ba na so. Ke nake son sani, kuma yau na ƙara saninki."

Nan ta fashe da kuka sosai, ni ma na juya ina karanta sunayen magungunan da ke kan kanta kamar wadda aka aiko. Ta goge saƙon a gabanmu.

Muna shirin fita wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗan sosa ƙeya.

"Ku yi haƙuri, akwai baƙuwa a bakin ruwa tun safe. Bari in je in ɗauko ta kafin mutane su taru min a kanti."

Na tsaya ina kallonsa. Aurensa na reto, shi yana tunanin wata da bai sani ba kada ta daɗe a tsaye. Na so in yi masa masifa, na fasa. A hanya na ce wa Auta, "In kika bar mutumin nan ya kuɓuce miki ban yafe ba." Ta ce ai ni ma ban taimaka ba.

*

Ranar Asabar falon ya yi mana kaɗan. Baba a kujerarsa, Mama a gefe. Injiniya ya zo da wuri, ya harɗe a doguwar kujera, turarensa ya cika ɗakin. Dogo ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ni da Auta muna jikin bango. Takardun nan uku suna kan tebur, gefensu ya nannaɗe, da gani an sha karanta su.

Baba ya dubi Dogo. "Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Wace ce matar?"

"Ban san ta ba, Baba. Ban taɓa ganinta ba, ban taɓa jin muryarta ba. Ban kuma taɓa rubuta mata komai a wajen labarin ba."

Injiniya ya yi 'yar dariya ta hanci. Baba bai kalle shi ba.

"Ka taɓa tambaya?"

"Ba a tambaya, Baba. Dokar wurin ce."

"Yanzu ni na ba ka izini. Ga ta nan, ta sani. Ka ce ta faɗa, in ta faɗa ka turo manyanka."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ka gafarce ni, Baba. Ba zan ce ta faɗa ba."

Baba ya juya ga Auta. "Ke fa?"

Hawaye suna zuba, ba ta share ba. "Baba, ban taɓa saɓa maka ba. Ka ce in bar aiki, zan bari. Ka ce in rufe dandalin, zan rufe. Amma sunan nan amana ce."

"Ko da zan hana ki shi?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Ko da za ka hana ni shi, Baba."

Mama ta soma sheshsheka. Injiniya ya gyara zama ya ce, "Ka gani ko, Baba? Ni dama da na shiga wurin na ga abin da ake yi na ce wallahi sai ka sani. Har wani suna na sa, Sarkin Yaƙi, don kada su gane ni."

Nan fa nawa haƙurin ya ƙare.

"Au, kai ne mai jirage ɗari? Kai ne wanda bawan Allahn nan ya yi kwana biyu yana lallaɓawa? Baba, ka tambaye shi me ya danna kafin a buɗe masa ƙofa!"

"Ke, wa ya sa bakinki?" in ji Mama. Amma Baba ya ɗaga mata hannu.

"Me ka danna?"

Injiniya ya yi murmushin yaƙe. "Wasu 'yan rubuce-rubuce ne kawai, Baba. Kowa dannawa yake yi, babu mai karantawa."

"Me aka rubuta?"

Ni na jero masa dokokin huɗu tiryan-tiryan, na ƙare da ta ƙarshe: abin da aka rubuta a gari ba ya fita waje.

"A ƙasa kuma me ya danna?"

"'Na yarda.'"

Baba ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga.

"Ka ce ka yarda?"

"Baba, ai ba yarda ta gaske ba ce. Maɓalli ne a waya."

"Amma rubutun wannan yaron, da shi ma a waya yake, ka kawo min shi a matsayin na gaske."

Zufa ta karyo wa Injiniya.

"Mahaifinka aminina ne, kuma zai ci gaba da zama aminina," in ji Baba. "Ka gaishe min da shi. Maganar Auta kuwa ka bar ta daga yau."

Injiniya ya tashi ya fita, ko sallamar kirki bai yi ba. Zuciyata ta yi fari ƙal, har na soma murmushi. Sai Baba ya dubi Dogo.

"Kai ma tashi ka tafi. Na tambaye ku abu ɗaya, ku biyu kun hana ni. Ban san matar nan ba, kuma ba na ba da 'yata a kan abin da ban sani ba."

Murmushina ya koma ciki. Dogo ya sunkuya ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Ya miƙe a hankali, bai kalli Auta ba, na san in ya kalle ta ba zai iya fita ba. Ita kuwa ta cusa fuska a kafaɗata.

Dogo yana bakin ƙofa yana sa takalmi. Baba ya ɗauki takarda ta uku ya juya bayanta, babu komai, ya sake juyowa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wannan a tsakiyar magana ta yanke. Ya roƙe ta, ta ajiye fitilar, ta buɗe baki. Ina sauran?"

Auta ta ɗago da jiƙaƙƙiyar fuska. "Yana cikin garin, Baba."

"Kawo min in karanta. Daga farko nake so, ba abin da wani ya tsinto min ba. In ba za ku gaya min wace ce ba, zan duba da idona in ga ko akwai abin da ya wuce wasa."

Na ce a raina, Alhamdulillahi, ƙofa ta buɗe. Na zungure ta da gwiwar hannu ta tashi ta ɗauko kwamfuta. Yarinyar nan ba ta motsa ba.

"Baba, wanda bai yi rajista ba ba ya karantawa."

Kai jama'a! Na ji kamar in shaƙe ta. Mama ta ce, "Na shiga uku, yarinyar nan so take ta kashe ni." Dogo ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

Baba ya zuba mata ido. Ni dai na sadaƙar, na ce yau sai an kwashe mu duka. Can na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Har ni?"

"Har kai, Baba."

"To yi min rajistar."

Ta tashi da gudu har tana tuntuɓe da tabarma. Ta dawo ta ɗora kwamfutar a kan tebur. Baba ya mayar da gilashinsa, ya karanta dokokin nan ɗaya bayan ɗaya, yana bin su da yatsa, bai tsallake ko kalma ba. Da ya gama ya danna da kansa.

"Sai me?"

"Sai ka ƙirƙiri mutum, Baba. Kuma ba a shiga garin da ƙafa. Duk baƙo sai Mai Kwale-kwale ya tsallakar da shi."

Baba ya ɗaga kai ya dubi bakin ƙofa.

"Kai, cire takalmin nan ka dawo. Ban ce na ba ka ba, kada ka ji daɗi. So nake in ga yadda kake riƙe mutane."

Dogo ya dawo ya durƙusa, ya ciro wayarsa, ya goge ido da bayan hannu. Auta ta ɗora yatsunta a kan kwamfutar tana jira.

Baba ya yi gyaran murya.

"Rubuta. Wani tsoho ya iso bakin ruwa da 'yarsa, ita kaɗai ta rage masa a gida. Yana neman wanda zai tsallakar da su, kuma bai yarda da mai jirgin ba."

Dogo ya karanta, ya ja dogon numfashi, ya soma rubuta amsa.